Haɗin gwiwar kamfanoni wajen ƙera motoci masu tuƙa kansu

Haɗin gwiwar kamfanoni wajen ƙera motoci masu tuƙa kansu shi ne tsarin da kamfanoni biyu ko fiye suke bi su haɗa jari, ma'aikata, kayan aiki ko ilimi domin samar da motar da za ta iya tafiya a kan titi ba tare da mutum ya riƙe sitiyari ba. Yarjejeniyar kan zo ta fuskoki daban-daban. Wani lokaci kamfanin ƙera motoci ne ke samar wa kamfanin fasaha motocin da aka tsara musamman domin wannan aiki, wani lokaci ya zuba jari a ƙaramin kamfani ko ya saye shi baki ɗaya, wani lokaci kuma kamfanoni biyu su kafa na uku da za su mallaka tare. Mafi yawan ci gaban da aka samu a wannan fanni a Amurka, Sin, Jamus da Japan tun daga shekarar 2016 yana da irin wannan yarjejeniya a bayansa. Haka nan manyan ayyukan da suka durƙushe, irin su Argo AI a 2022 da tasin Cruise a 2024, sun durƙushe ne a lokacin da masu riƙe da su suka janye kuɗinsu.

Dalilin neman abokin aiki

Motar da mutum ke tuƙawa tana da wata kariya da ba a cika lura da ita ba, wato direban kansa. Idan na'urar da ke taimaka wa birki ta mutu, direba zai ƙara taka ƙafa da ƙarfi. Idan sitiyari ya yi nauyi, zai murɗa shi da ƙarfin damtse. Da zarar an cire mutum daga kujerar gaba, dole ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya samu na biyunsa: hanyar taka birki biyu, hanyar juya sitiyari biyu, da hanyar samun wutar lantarki biyu, ta yadda idan ɗaya ta lalace, ɗayar za ta iya kai motar gefen titi ta tsayar da ita. Wannan ba gyaran da ake yi wa mota a gareji bayan an saye ta ba ne. Tun daga masana'anta ake tsara shi, kuma kamfanonin da suka shafe gomman shekaru suna ƙera motoci ne suka san kansa.

Su kuma waɗannan kamfanoni ba su ne suka ƙware a ɗaya ɓangaren ba. Motar tana buƙatar idanu: kyamarori, rada, da lidar, na'urar da ke harba hasken leza ta auna nisan abubuwa daga lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo. Tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da za ta tace bayanan cikin ƙiftawar ido, da manhajar ƙirƙirarriyar basira da za ta gane cewa abin da ke gaba yaro ne a kan keke ba inuwar itace ba, ta kuma hasaso inda zai nufa. Tana buƙatar taswira mai ɗauke da layukan titi da fitilun hanya dalla-dalla. Idan aikin tasi za ta yi, sai an samu fasinjoji, da wurin ajiya, da masu wanke ta, masu sa mata caji da masu sauya mata taya. Sama da duka akwai kuɗi, domin aiki ne da ke cin biliyoyin daloli tsawon shekaru kafin ya fara dawo da ko sisi.

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta raba tuƙin kai zuwa matakai shida, daga 0 zuwa 5, a wani tsari da ta fara fitarwa a 2014. A mataki na 2 motar tana taimaka wa direba da sitiyari da birki, amma alhakin sa ido yana kansa. A mataki na 3 zai iya ɗauke ido a wasu yanayi, da sharaɗin ya karɓi tuƙi idan motar ta nema. A mataki na 4 ba a buƙatarsa sam, amma a cikin wani yanki da aka iyakance. Bambancin yana da muhimmanci ga harkar kasuwanci, saboda matakai na 2 da na 3 ana sayar da su ga masu sayen mota a samu riba nan take, shi kuwa na 4 sai an yi dogon haƙuri.

Asali

Haɗin gwiwa a wannan fanni ya girmi kamfanonin da ake jin sunayensu a yau. Daga 1987 zuwa 1995 kamfanonin motoci da jami'o'in Turai sun yi aiki tare a ƙarƙashin shirin Prometheus. A cikinsa ne injiniyan Jamus Ernst Dickmanns da tawagarsa ta jami'ar sojoji da ke Munich suka haɗa kai da Daimler-Benz, kuma a 1994 motoci biyu ƙirar Mercedes suka yi tafiya da kansu a babbar hanya kusa da birnin Faris, a cikin sauran motoci, da gudun da ya kai kilomita 130 a awa, da mutum a kujerar direba yana lura.

Tushen masana'antar ta yanzu kuwa gasar da DARPA, hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, ta shirya ce. A gasar farko a hamadar Mojave a 2004 babu motar da ta kai ƙarshe. Wadda ta fi nisa ta yi kusan kilomita 12 ne daga cikin sama da 200. A 2005 mota mai suna Stanley ta lashe kyautar dala miliyan 2. Ƙirar Volkswagen Touareg ce, tawagar jami'ar Stanford ƙarƙashin Sebastian Thrun ta shirya ta tare da ɗakin binciken Volkswagen da ke Kalifoniya. A 2007 aka mayar da gasar cikin titunan gari, sai Boss, ƙirar Chevrolet Tahoe da jami'ar Carnegie Mellon ta shirya tare da General Motors, ta zo ta ɗaya. Mafi yawan motocin da suka kammala gasar ta 2007 suna ɗauke da wata lidar mai jujjuyawa a kan rufinsu, wadda Velodyne ya ƙera, kamfanin da asalin sana'arsa yin lasifika ce. Mutanen da suka fito daga waɗannan tawagogi su ne daga baya suka jagoranci aikin Google, suka kuma kafa Aurora da Argo AI.

Waymo da abokan hulɗarsa

Google ya fara nasa aikin a 2009 da motocin Toyota Prius da ya saya a kasuwa ya ɗora musu na'urori, daga baya ya koma Lexus. A 2014 ya nuna wata ƙaramar mota ta kansa mai suna Firefly, marar sitiyari, wadda gudunta bai wuce kilomita 40 a awa ba. Motar ta ja hankalin jama'a, amma kamfanin bai bi wannan hanya ba. A 2015 ya ɗauko John Krafcik, tsohon shugaban Hyundai a Amurka, ya ba shi jagorancin aikin, kuma manufar da aka tsayar ita ce kamfanin zai gina direba ne, wasu su gina mota. A watan Disambar 2016 aikin ya zama kamfani mai zaman kansa a ƙarƙashin Alphabet, da sunan Waymo.

Yarjejeniyar farko ta zo a watan Mayun 2016 da Fiat Chrysler, kan ƙananan bas-bas 100 ƙirar Chrysler Pacifica masu amfani da fetur da lantarki. Yawan motocin ba wani abu ba ne. Abin da ya bambanta ta da na baya shi ne injiniyoyin ɓangarorin biyu sun zauna wuri guda a jihar Michigan, suka sake tsara wayoyin lantarki da wasu sassan motar domin su dace da kwamfuta da na'urorin Waymo, maimakon a liƙa su daga baya. Ko ƙofar motar ta yi amfani: Pacifica tana da ƙofar gefe mai rufe kanta da lantarki, kuma motar da babu direba a ciki ba ta da mai fitowa ya rufe ƙofar da fasinja ya bari a buɗe. Da waɗannan motoci Waymo ya buɗe aikin tasi a yankin Phoenix na jihar Arizona a Disambar 2018, sannan a Oktoban 2020 ya fara ɗaukar jama'a babu kowa a kujerar direba.

A 2018 an sanar da cewa Waymo zai iya karɓar Pacifica har 62,000, da kuma Jaguar I-Pace mai amfani da lantarki har 20,000. Babu ɗaya daga cikin adadin da aka kusanta. A watan Mayun 2025 kamfanin ya ce motocinsa na kasuwanci sun haura 1,500 ne. Yana da kyau mai karatu ya riƙa kallon alƙaluman da ake bayyanawa ranar sa hannu a irin waɗannan yarjejeniyoyi a matsayin iyakar abin da aka ƙulla, ba abin da aka saya ba. Duk da haka I-Pace ce ta zama ƙashin bayan aikin bayan an ajiye Pacifica a 2023. Kamfanin Magna ne ya riƙa harhaɗa motar wa Jaguar a birnin Graz na ƙasar Austriya, kuma shi ne dai abokin Waymo a masana'antar da ke Mesa, Arizona, inda ake sanya wa motocin na'urori. Magna yana kuma cikin waɗanda suka zuba jari a 2020, lokacin da Waymo ya karɓi kuɗin waje a karon farko, dala biliyan 2.25.

Dangantakar Waymo da Uber ta fara ne a kotu. A watan Fabrairun 2017 Waymo ya shigar da ƙara yana zargin cewa wani tsohon injiniyansa, Anthony Levandowski, ya kwashi takardun sirri kimanin 14,000 kafin ya kafa kamfanin da Uber ya saya. Bayan shekara guda aka sasanta, Uber ya ba da hannun jarin da ya kai kusan dala miliyan 245. A 2023 abokan gabar suka ƙulla yarjejeniya, kuma a 2025 aka fara kiran motocin Waymo a biranen Austin da Atlanta ta manhajar Uber kaɗai. Rabon aikin a bayyane yake: Waymo yana kula da tuƙi, Uber yana kawo fasinjoji yana kuma kula da tsafta da gyara. Sai dai Waymo bai bar tasa manhajar ba a biranen San Francisco da Los Angeles, don haka kamfanonin biyu abokai ne a wani gari, abokan gasa a wani.

A ɓangaren kula da motoci akwai kamfanin da asalinsa daga Najeriya yake. An kafa Moove a Legas a 2020 domin ba direbobin tasin manhaja motoci su riƙa biya daga abin da suke samu, kuma Uber ya jagoranci zuba masa jarin dala miliyan 100 a 2024. A Disambar wannan shekara Waymo ya sanar da cewa Moove zai karɓi kula da motocinsa, wuraren ajiya da na caji a Phoenix, daga nan kuma Miami. Aikin ba shi da ƙyalƙyali kamar rubuta manhaja, amma motar da ke zaune a gareji tana jiran wanki ko caji ba ta kawo kuɗi, kuma ribar harkar gaba ɗaya ta rataya ne a kan yawan awannin da kowace mota ke yi a kan titi.

Akwai kuma haɗin gwiwar da manufarsa samar da hujja ce. A ƙarshen 2024 Waymo da kamfanin inshora na Swiss Re suka fitar da nazarin tafiyar mil miliyan 25.3 da motocin suka yi babu direba, suka ce neman diyyar lalacewar dukiya ya ragu da kashi 88 cikin ɗari, na raunin jiki kuma da kashi 92, idan aka kwatanta da direbobi mutane. Da hannun Waymo a cikin nazarin, abin da ya kamata a riƙa tunawa, amma bayanan kwatancen daga taskar kamfanin inshorar suka fito, kuma Waymo shi kaɗai ba shi da irinsu.

Masu samar da na'urori

Wasu kamfanoni ba sa ƙera mota, ba sa kuma ɗaukar fasinja. Idanu da ƙwaƙwalwa suke sayar wa kowa. Mobileye, wanda Amnon Shashua da Ziv Aviram suka kafa a Isra'ila a 1999, ya yi suna da wata ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki mai suna EyeQ da ke fassara abin da kyamara ta gani. Saboda yana sayar da ita ga kamfanonin motoci masu yawa, kuɗin bincikensa yana rarrabuwa a kan miliyoyin motoci. Intel ya saye shi a 2017 kan dala biliyan 15.3. Nvidia yana taka irin wannan rawa ta fuskar kwamfutoci, kuma a 2020 ya ƙulla yarjejeniya da Mercedes-Benz.

Tesla yana cikin masu amfani da kayan Mobileye a farkon tsarinsa na Autopilot. Bayan wani hatsari a jihar Florida a watan Mayun 2016, inda wata Tesla ta shige ƙarƙashin tirelar da ke tsallaka hanya, direbanta ya rasu, kamfanonin biyu suka raba gari. Mobileye ya ce ana amfani da na'urarsa fiye da abin da aka yi ta dominsa, Tesla kuma ya ce Mobileye ne bai ji daɗin ganin yana gina nasa tsarin ba. Tesla ya koma Nvidia, daga 2019 kuma ya fara amfani da ƙwaƙwalwar da ya tsara da kansa. Ana yawan kawo shi a matsayin misalin kamfanin da ke tafiya shi kaɗai, kodayake Samsung ne ya ƙera masa ƙwaƙwalwar.

Farashin lidar ya nuna yadda buƙatar abokan ciniki ke sauya fasaha. Manyan na'urorin farko sun kai kimanin dala 75,000 kowace ɗaya. A 2016 Ford da Baidu suka zuba dala miliyan 150 tare a Velodyne, a farkon 2017 kuma Waymo ya ce ya rage kuɗin da kashi 90 cikin ɗari ta hanyar ƙera tasa. Da kamfanonin motocin Sin suka fara sa lidar a motocin da ake sayar wa jama'a, masu samar da ita irin su Hesai da RoboSense suka samu odar da ta ba su damar sauke farashin ƙananan samfura zuwa ɗaruruwan daloli. Motoci na farko da aka amince wa mataki na 3, Honda Legend a Japan a 2020 da tsarin Drive Pilot na Mercedes a Jamus a ƙarshen 2021, dukkansu da lidar ɗin kamfanin Valeo na Faransa suka fito.

Abokan gasa ma sukan haɗa kai idan sun hango wanda ya fi ƙarfinsu. A 2015 Audi, BMW da Daimler suka sayi kamfanin taswira na HERE daga Nokia kan yuro biliyan 2.8, don kada taswirar da motocinsu za su dogara da ita ta faɗa hannun manyan kamfanonin intanet.

Haɗin gwiwar da ya watse

Inda aikin kamfani ɗaya ya ƙare na ɗayan ya fara, nan ne haɗari ya fi ɓuya. A 2016 Uber da Volvo suka ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 300, Volvo ya samar da motoci ƙirar XC90, Uber ya ɗora tasa manhajar. A ranar 18 ga Maris 2018, ɗaya daga cikinsu ta buge wata mata da ke tsallaka titi da kekenta da dare a Tempe, Arizona, ta rasu. Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta Amurka ya gano cewa manhajar ta hango matar fiye da daƙiƙa biyar kafin bugun amma ta kasa gane cewa mai tafiya a ƙasa ce, cewa ma'aikaciyar da ke kujerar direba hankalinta yana kan waya, kuma cewa Uber yana kashe birkin gaggawa na Volvo a duk lokacin da kwamfutarsa ke tuƙi. A ƙarshen 2020 Uber ya miƙa sashen ga Aurora, ya ƙara da jarin dala miliyan 400, ya karɓi hannun jari. Daga nan ya daina gina direba, ya koma neman kowane mai direba ya shigo manhajarsa.

Argo AI ya nuna wata matsalar daban. Bryan Salesky da Peter Rander suka kafa shi a Pittsburgh a 2016. Ford ya yi alkawarin dala biliyan 1 a 2017, Volkswagen ya shigo a 2019 da abin da ya kai dala biliyan 2.6, biliyan 1 tsabar kuɗi, sauran kuma wani reshensa da ke Munich. A takarda tsari ne mai kyau: manyan kamfanoni biyu suna raba kuɗin manhaja ɗaya. Argo ya yi gwaji a birane da dama, ya ƙera tasa lidar, ya fara aiki da Lyft da Walmart. Amma bai samu sababbin masu zuba jari ba, su kuma masu shi suna fama da tsadar komawa motocin lantarki. A ranar 26 ga Oktoban 2022 aka sanar da rufe shi. Ford ya rubuta asarar dala biliyan 2.7, ya ce riba daga cikakken tuƙin kai tana da nisa, ya mayar da hankali kan matakai na 2 da na 3. A wannan ranar ce kuma Mobileye, mai sayar da ainihin irin waɗannan na'urori, ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Ilimin bai salwanta ba: Ford ya ɗauki ma'aikata kimanin 550 ya kafa Latitude AI, Volkswagen kuma ya koma aiki da Mobileye a kan motarsa ID. Buzz.

Cruise ya fi kowa tara manyan abokai. General Motors ya saye shi a 2016. A 2018 asusun SoftBank ya yi alkawarin dala biliyan 2.25, Honda ya yi na biliyan 2.75, Microsoft ya shigo a 2021. General Motors da Honda da Cruise suka tsara mota marar sitiyari mai suna Origin, da niyyar kai ta Tokyo a 2026. A ranar 2 ga Oktoban 2023, a San Francisco, wata motar da mutum ke tuƙawa ta buge wata mata ta wurga ta gaban motar Cruise. Motar ta tsaya, sannan ta yi ƙoƙarin matsawa gefen titi, ta ja matar kimanin mita 6 a ƙarƙashinta. Hukumar ba da lasisi ta Kalifoniya ta dakatar da izinin kamfanin, tana mai cewa bai nuna mata cikakken bidiyon abin da ya faru ba. Wanda ya kafa kamfanin, Kyle Vogt, ya yi murabus. A Disambar 2024 General Motors ya daina ba da kuɗin aikin tasin, bayan ya kashe fiye da dala biliyan 10, kuma shirin Honda na Tokyo ya mutu tare da shi. Motional, wanda Hyundai da Aptiv suka kafa a 2020 da ƙimar dala biliyan 4, shi ma ya girgiza a 2024 da Aptiv ya daina zuba kuɗi, sai dai Hyundai ya riƙe shi.

Idan aka jera waɗannan da Waymo, bambancin ba a yawan abokai yake ba, a irin dogaron yake. Waymo yana iya sauya mai ba shi mota, kuma ya sauya sau da yawa, alhali mai ba shi kuɗi ba daga sayar da mota yake samun kuɗin shiga ba. Argo da Cruise kuwa rayuwarsu tana hannun kamfanonin da ribarsu ba ta da yawa, masu kuma wasu buƙatun da suka fi gaggawa.

Ƙasar Sin

A Sin tsarin ya haɗa da gwamnatocin birane, waɗanda ke ware yankunan gwaji su ba da izini mataki-mataki. Baidu ya buɗe dandalinsa na Apollo a 2017, ya bar wani ɓangare na manhajar a buɗe ga kowa, ya tara abokan hulɗa fiye da 50 a cikin watannin farko. A 2022 tasinsa na Apollo Go ya samu izinin aiki babu direba a Wuhan da Chongqing. Motarsa RT6, wadda kamfanin Jiangling ke ƙerawa, an sanar da farashinta a 2024 a kan yuan 204,600, ƙasa da dala 30,000, kuma arhar tana da nasaba da cewa masu batir, lidar da jikin mota duk suna cikin ƙasar. Toyota ya zuba dala miliyan 400 a Pony.ai a 2020. Huawei, wanda ke cewa ba ya ƙera mota, yana samar da tsarin tuƙi ga kamfanoni irin su Seres. WeRide kuma ya fara aiki da Uber a Abu Dhabi a Disambar 2024.

Manyan motocin dakon kaya

Aurora ya raba aikinsa tsakanin kamfanoni da dama: PACCAR da Volvo suna ƙera tireloli, Continental ya amince a 2023 zai ƙera na'urorin da yawa, Nvidia yana ba da ƙwaƙwalwa. A bazarar 2025 ya fara jigilar kaya babu direba tsakanin Dallas da Houston a jihar Texas. Makonni kaɗan bayan haka ya mayar da mai lura kujerar gaba, bisa buƙatar PACCAR, wanda ya nuna damuwa kan wasu sassan gwaji da ke jikin motar. Aurora ya ce a ganinsa ba a buƙatar hakan, amma ya bi, domin mai ƙera motar shi ma sunansa yana jikinta.

Siyasa da dokoki

Ba kamfanoni kaɗai ke yanke hukunci kan wanda za su yi hulɗa da shi ba. A Disambar 2021 Waymo ya zaɓi Zeekr, reshen kamfanin Geely na Sin, domin ya ƙera masa motar tasi ta musamman, a kai ta Amurka Waymo ya sanya mata nasa na'urorin. A 2024 Amurka ta ɗaga harajin shigo da motocin lantarki na Sin zuwa kashi 100 cikin ɗari. A Janairun 2025 ma'aikatar kasuwancin ƙasar ta fitar da dokar hana manhajojin sadarwa da na tuƙin kai masu alaƙa da Sin ko Rasha a motocin ƙirar 2027 zuwa sama, da kuma na'urorin sadarwarsu daga ƙirar 2030. Jaguar ma ya daina ƙera I-Pace a ƙarshen 2024. Tun a Oktoban 2024 Waymo ya sa hannu da Hyundai kan motar Ioniq 5, wadda za a harhaɗa a sabuwar masana'antar kamfanin da ke jihar Georgia, a watan Afrilun 2025 kuma ya sanar da yarjejeniyar share fage da Toyota, wadda ta haɗa da duba yiwuwar sanya fasahar a motocin da mutane za su saya su mallaka.